Iska da Eriyar Rediyo a Garwa: Yadda Ake Daidaita Ƙarfin Murɗa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa iska tana wahalar da mai kayan kara. Duk wanda ya taɓa ɗaukar zana ko fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san ma'anar wannan karin magana. Iskar takan tura shi gaba ko baya, wannan kuwa da sauƙi, domin yana iya turjewa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne idan kayan sun fi tsawo ta gefe guda, sai iska ta kama wannan gefen ta juya kayan, ta murɗe masa wuya.

Abin da ke samun mai kayan kara shi ne ke samun eriyar rediyo da aka ɗora a kan dogon turke. Wannan takarda ta yi bayani a kan eriyar da masu rediyon sha'awa ke amfani da ita, da yadda iska ke murɗa ta, da dabarun da ake bi a daidaita ta. An ɗauki birnin Garwa na arewacin Kamaru a matsayin misali, saboda yanayin iskarsa da kuma wurin da yake a taswira sun sa matsalar ta fito fili. A ƙarshe an duba wasu kalmomin aikatau da suka shafi juyi da murɗa, don amfanin ɗaliban harshe.

2.0 Garwa da rediyo

Garwa, wadda ake rubutawa Garoua da Faransanci, ita ce hedkwatar Yankin Arewa na Kamaru. Tana bakin Kogin Binuwai, wanda ke wucewa ta Yola ya gangara har Lakwaja. Fulatanci ne harshen da aka fi ji a kasuwa, amma akwai Hausawa da yawa da suka daɗe da zama a garin. A nan aka haifi Ahmadu Ahidjo a 1924, wanda ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Kafin ya shiga siyasa, aikinsa shi ne aika saƙo da karɓarsa ta rediyo a ma'aikatar gidan waya ta Faransawa. Gidan rediyon Garwa ma ya yi suna a da, lokacin da yake watsa shirye-shiryen Fulatanci da Hausa a gajeren zango ana kama shi a arewacin Nijeriya.

Rediyon sha'awa daban yake da gidan rediyo. Mutum ne ke kafa ƙaramar tasha a gidansa, da lasisin hukuma, don ya yi magana da irinsa a wasu ƙasashe, ba don ciniki ko watsa labarai ba. Kowace tasha tana da lambar kira, harufan farko kuma su ke nuna ƙasa. Na Kamaru TJ ne, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Cadi TT. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikin fitattun masu wannan sha'awa, lambarsa JY1.

Irin wannan tasha ba ta da ƙarfin wuta sosai, sau da yawa wat 100 ne kawai. Saboda haka eriya ce jarin mai ita. Idan ta lalace, muryarsa ba za ta kai ko'ina ba.

3.0 Siffar eriya mai alƙibla

Eriyar da ake magana a kai ita ce mai tattara ƙarfinta ta fuska guda, kamar yadda tocila ke tattara haske. Za a kira ta eriya mai alƙibla. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce eriyar Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a 1926 a jami'ar Tohoku da ke Sendai a ƙasar Japan. Ƙananan eriyoyin talabijin masu kama da ƙayar kifi da ake gani a kan rufin gidaje duk irinta ne.

Sassanta kaɗan ne. Akwai dogon bututu a kwance, wanda za a kira ƙashin baya. A kansa ake gicciya sanduna na alminiyom kamar haƙarƙari. Sandar baya ta fi kowace tsawo, aikinta mayar da saƙo gaba. Ta tsakiya ita ake jona wa waya daga tasha. Ta gaba ta fi gajarta, ita ke jan saƙo zuwa inda aka nufa. Eriya mai sanduna uku takan ninka ƙarfin saƙo sau uku zuwa huɗu ta fuskar da ta kalla.

Tsawon sanduna ya danganta da zangon da ake aiki a kai. A zangon mita 20, wanda masu neman ƙasashe masu nisa ke so, kowace sanda takan kai wajen mita 10, ƙashin baya kuma mita 5 zuwa 6 ko fiye. Abu ne da ya fi faɗin ɗaki biyu, ga shi a sama.

Ana ɗaure ƙashin baya a jikin turke, wato bututun ƙarfe da ke tsaye. Turken yana zaune a kan majuyi, wata na'ura mai ƙaramin inji da haƙoran giya da birki, wadda ke juya eriya zuwa duk inda ake so. A cikin ɗaki akwai akwati mai allura da ke nuna inda eriya ta fuskanta. Majuyi ba kayan da ake samu a kowace kasuwa ba ne, daga Japan ko Turai ko Amurka ake kawo shi, ga shi da tsada.

4.0 Iskokin Garwa

Iska iri uku ce ta shafi mai eriya a arewacin Kamaru.

Ta farko iskar hunturu ce, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris. Daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Ba ta cika tsanani ba, amma takan yini tana kaɗawa, kwana da kwanaki, ƙurarta kuma tana shiga duk wata kafa ta na'ura.

Ta biyu guguwa ce, wadda ke tasowa da tsakar rana a watannin zafi, Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan wuce digiri 40. Ba ta daɗewa, amma da yake juyawa take yi, takan bugi wani gefen eriya ta wata fuska, ɗaya gefen ta wata fuskar.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce iskar hadari ta bazara da farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma ta ƙarshen damina. A damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa. Amma manyan hadura a wannan yanki daga gabas suke haɗowa, su jeru, su nufi yamma. Iska mai sanyi takan sauko tare da ruwa daga cikin hadarin, ta bazu a ƙasa, ta riga ruwan isowa. Shi ya sa gari kan yi tsit, sai kwatsam ƙura ta turnuƙe daga gabas, rufin kwano ya fara ƙara. Wani lokaci irin wannan iska takan kai gudun kilomita 100 a awa.

A nan ne taswira ta shigo. Garwa tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, digiri 13 gabas. Birnin Balin na Jamus ma a digiri 13 gabas yake, Rum ta Italiya kuma kusa da haka. Wato Turai tana arewa sak da Garwa, kuma can ne ake da masu rediyon sha'awa da yawa mafi kusa. Eriyar da ta kalli Turai, ƙashin bayanta ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa. Idan hadarin gabas ya taso, a kwiɓi zai same ta, tsawonta duka.

5.0 Bambancin turi da murɗa

Turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudu ya ninka sau biyu, turi ninkawa yake yi sau huɗu. A kan fili mai faɗin murabba'in mita 1, iska mai gudun kilomita 25 a awa tana turi daidai da nauyin kilo 3. Mai gudun kilomita 50 tana turin kilo 12. Mai gudun kilomita 100 tana turin kilo 47. Don haka eriyar da ta yi hunturu lafiya ba ta nuna komai ba tukuna, bazara ce ke gwada ta.

Murɗa kuwa abu biyu take bukata: turi, da nisa daga wurin juyi. Makanike ya san haka. Idan noti ya ƙi kwancewa, ba ƙarin ƙarfi yake nema ba, bututu yake zura wa sufana don hannunta ya yi tsawo. Haka kuma ƙofa ta fi sauƙin turawa daga wajen mariƙi a kan kusa da hinji. Ana samun ƙarfin murɗa ne idan aka ninka turi da nisa. A wannan takarda, turin kilo 1 a nisan mita 1 daga turke za a kira shi awo ɗaya. Turin kilo 2 a nisan mita 3 awo 6 ke nan.

Akwai ƙa'ida guda da ke sauƙaƙa lissafin. Iska ba ta kama bututu idan ta bi tsawonsa, sai idan ta gicciye shi. Idan ta zo a karkace, ɓangaren da ya gicciye bututun ne kawai ke aiki, turin kuma a kwiɓin bututun yake faɗawa. Sakamakon haka, iskar da ta zo daga gefe ƙashin baya take kamawa, ta wuce sanduna tunda tsininsu suka ba ta. Wadda ta zo daga gaba ko baya sanduna take kamawa, ta bar ƙashin baya. Wadda ta zo daga kusurwa, kamar iskar hunturu ga eriyar da ta kalli arewa, takan raba: rabin turin da ƙashin baya zai sha, da rabin wanda sanduna za su sha.

6.0 Ma'auni biyu: na nauyi da na iska

Mai haɗa eriya a ƙasa yakan ɗaga ta da igiya ko ya ɗora ta a kan benci ya nemi wurin da ba ta rinjaya gaba ko baya. Nan yake ɗaura turke. Wannan tunani ne mai kyau, domin eriyar da ta rinjaya takan wahalar da mai ɗora ta, ta kuma danne majuyi ta gefe guda. To amma wannan ma'aunin nauyi ne kawai. Iska ba ruwanta da nauyi, faɗin abin da ta tarar take bi.

Bayan eriya ya fi gabanta nauyi, saboda doguwar sanda tana can, kayan jona waya ma sun fi kusa da can. Don haka tsakiyar nauyi takan faɗo bayan tsakiyar ƙashin baya. A ɗauki misalin ƙashin baya mai tsawon mita 6 da kaurin santimita 5. A ce tsakiyar nauyi ta faɗo mita 2.7 daga baya, saura mita 3.3 a gaba. A iska mai gudun kilomita 100, kowace mita ta wannan bututu tana shan turin kilo 2.8. Mita 2.7 na baya da mita 2.7 na gaba sun kashe juna. Saura santimita 60 a can ƙarshen gaba, waɗanda ba su da abokin rinjaye. Turinsu kilo 1.7 ne kawai, amma suna nisan mita 3 daga turke. Idan aka ninka, an sami awo 5. Eriyar da ta kalli arewa, hadarin gabas zai riƙa tura hancinta yamma da wannan ƙarfi.

Awo 5 ba abin rainawa ba ne. Ƙaramin majuyi irin Yaesu G-450 ƙarfin juyinsa awo 6 ne, na birkinsa awo 30. Wato karkatar santimita 30 daga tsakiya ta kusa cinye duk ƙarfin da injin ke da shi na juya eriya. Idan eriyar ta fi girma, abin ya fi muni. Ƙashin baya mai mita 12 da kaurin santimita 7.5, wanda aka ɗaure santimita 60 daga tsakiyarsa, awo 30 zai haifar a wannan iska. Tsawo ya ninka sau biyu, murɗa ta ninka sau shida.

Akwai wata kafar ta biyu da murɗa ke shigowa. Ƙashin baya ba ya ratsa tsakiyar turke, a gefensa ake manna shi da farantin ƙarfe da ƙusoshi masu noti. Tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar wancan akwai wajen santimita 6. Idan iska ta zo daga gaba, sanduna uku masu mita 10 kowace, da kaurin santimita 2, za su sha turin wajen kilo 34. Kilo 34 a nisan santimita 6 awo 2 ne. Idan iska ta zo daga kusurwa, murɗar ƙashin baya da ta sanduna sukan haɗu ko su rage wa juna, gwargwadon gefen turken da aka manna ƙashin baya. Har wayar eriya da aka ɗaure a jikin ƙashin baya ta gefe guda tana ƙara faɗi, tana da nata kaso.

7.0 Ɓarnar da murɗa ke yi

Mai karatu zai iya tambaya: in birki yana riƙe awo 30, mene ne abin tsoro a awo 5? Amsar ita ce iskar hadari ba a miƙe take zuwa ba. Takan buga, ta saki, ta sake bugawa. Tsakanin haƙoran giya akwai 'yar kafa, sai eriya ta riƙa kai da komo a cikinta. Abu mai faɗin mita 10 idan ya fara juyi, tsayar da shi farat ɗaya kamar bugun guduma ne a kan haƙoran. Kowane bugu yana faɗaɗa kafar, kafar da ta faɗaɗa kuma tana ƙara wa bugu na gaba ƙarfi.

Alamar farko ita ce zamewa. Turke ya zame a cikin maɗaurin majuyi, allura a ɗaki tana nuna arewa, eriya a sama tana kallon arewa maso yamma. Mai tasha yana ta kiran Turai, saƙonsa yana tafiya wani wuri. Idan zamewar ta ci gaba, waya takan nannaɗe a jikin turke har ta tsinke. Wasu sukan huda turke su zura ƙusa don hana shi zamewa. Wannan yakan hana zamewar, amma ya tura duk bugun zuwa haƙoran giya, waɗanda suka fi waya tsada nesa ba kusa ba.

Daga majuyi murɗa takan sauka cikin hasumiyar da ke ɗauke da shi. Wayoyin da ake ɗaure hasumiya da su sun fi iya hana ta faɗuwa a kan hana ta murɗewa. Hasumiyar da ke murɗewa notinanta kan saki, waldarta kan tsage. A unguwa mai cunkoso, inda katanga ke jingine da katanga, faɗuwarta ba asarar mai ita kaɗai ba ce, rufin maƙwabci da wayar lantarki da ran mutane duk suna ƙarƙashinta.

8.0 Hanyoyin daidaitawa

Masana sun yi rubutu a kan wannan batu, ciki har da David Leeson a littafinsa kan ƙirar jikin eriyar Yagi, wanda ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka ta buga a 1992. Dabarun duk manufarsu guda ce: a sa tsakiyar turin iska ta faɗo daidai kan turke.

Hanya ta farko ita ce a ɗaura turke a tsakiyar ƙashin baya sak, mita 3 gaba, mita 3 baya. Iska ta daidaita ke nan, saura nauyi. A ce eriyar kilo 15 ce, tsakiyar nauyinta kuma santimita 30 bayan turke. Rinjayen awo 4.5 ne. Sai a zura darma ko guntun ƙarfe mai kilo 1.5 a cikin ƙarshen bututun gaba, a ɗaure shi da ƙusa. Da yake a ciki yake, iska ba ta ganinsa. Aibin wannan hanya shi ne nauyi a can ƙarshe yana sa eriya wuyar tsayawa idan ta fara juyi, yana kuma sa bututu ya ɗan lanƙwashe.

Hanya ta biyu ita ce a bar turke a tsakiyar nauyi, a ƙara wa gefen baya tsawo. Guntun bututu marar nauyi mai santimita 60, kauri ɗaya da ƙashin baya, idan aka jona shi a baya, gaba da baya sun zama mita 3.3 kowanne.

Hanya ta uku ita ce a maƙala falle a gefen da ya gaza. A misalin da ya gabata ana bukatar awo 5 a baya. Idan aka sa fallen a nisan mita 2 daga turke, turin kilo 2.5 ake nema, wanda fallen alminiyom mai santimita 15 da 30 zai bayar. A tsaye ake sa shi, a saman ƙashin baya ko ƙarƙashinsa, yana bin tsawonsa, tsakanin sanduna ba manne da su ba. Ta haka iskar gefe za ta kama shi, ta gaba kuma ta wuce ta bakinsa. Abin sha'awa a nan shi ne ba sai an san gudun iskar da za ta zo ba. Turin falle da na bututu tare suke hawa, tare suke sauka. Fallen da ya daidaita eriya a iskar hunturu zai daidaita ta a iskar hadari.

Murɗar da ke zuwa daga manna ƙashin baya a gefen turke ita ma tana da magani. Idan eriya biyu ce a kan turke guda, sai a manna ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, su rage wa juna. Idan guda ce, ana iya ɗaura bututun roba irin na famfo ya miƙa ta gefen da turke yake, a jere da sanduna. Roba ba ta taɓa aikin rediyo, amma ranar Garwa tana busar da ita har ta riƙa karyewa, don haka sai an yi mata fenti an kuma riƙa duba ta.

Gwaji ba shi da wuya. Kafin a hau sama da eriya, a ɗora ta a kan gajeren turke da ke juyawa sakaka, a fili, ranar da ake iska. Idan ta riƙa juya wani gefe ta ba iska baya, wannan gefen ya fi faɗi. Idan ta tsaya duk inda aka ajiye ta, ta daidaita. Lokacin wannan aiki shi ne hunturu, ga iskar gwaji kyauta, ga ƙarfe bai yi zafin da zai hana taɓa shi ba. A lokacin ne kuma ya kamata a duba notina, a wanke ƙurar majuyi a sa masa sabon giris. Idan sanduna suna kuka ko rawa a iskar hunturu, akan zura igiya a cikinsu, domin wannan rawa tana gajiyar da alminiyom har ya karye.

Saura tambaya guda: ina ya kamata eriya ta fuskanta idan hadari ya haɗo? A misalin nan, sanduna suna shan kilo 34 idan iska ta same su a gicciye, ƙashin baya kuwa kilo 17 kawai. Don haka gara a ba hadarin gabas tsinin sanduna, wato eriya ta kalli arewa ko kudu. Amma wannan shi ne daidai zaman da ƙashin baya marar daidaito ya fi shan murɗa. Mai eriyar da ba a daidaita ba yana tsaka mai wuya: ya kalli gabas turi ya ninka, ya kalli arewa murɗa ta kai maƙura. Wanda ya daidaita tasa sai ya bar ta tana kallon arewa, ya cire waya daga tasha saboda tsawa. Ya kamata kuma a juya ta tun hadari yana nesa, domin wutar lantarki kan ɗauke da zarar iska ta taso, majuyi kuwa ba ya motsi sai da wuta.

9.0 Kalmomin juyi da murɗa

Ɗalibi zai lura cewa Hausa ta bambanta motsin da aka ambata da kalmomi daban-daban. Juya shi ne sauya fuska, da gangan ko ba da gangan ba: majuyi ya juya eriya. Murɗa tana nuna juyi da ƙarfi a kan abin da ke turjewa, kamar murɗa noti ko murɗa kunnen yaro. Karkata barin miƙewa ne zuwa gefe guda. Rinjaya ta shafi nauyi, kamar a sikeli, daga nan aka samu rinjaye a zaɓe. Lanƙwasa sauya siffar abu ne ba tare da ya karye ba. Zame kuwa goce wa wurin da aka ɗaure abu ne.

Aikatau guda yakan sauya ma'ana idan ya sauya aji, bisa tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa. Iska ta murɗa eriya, aji na 1, aiki ne kawai ya auku. Iska ta murɗe eriya, aji na 4, aikin ya kai ƙarshe, an yi ɓarna. Eriya ta murɗu, aji na 7, ana bayyana halin da ta shiga. Haka ma lanƙwasa, lanƙwashe, lanƙwasu. A kula kuma da jinsi: iska da guguwa da eriya mata ne, hadari da hunturu da turke maza ne.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa eriya mai alƙibla tana da tsakiya biyu, ta nauyi da ta iska, kuma ba safai suke faɗawa wuri guda ba. Tazarar santimita 30 tsakaninsu ta isa ta wahalar da majuyi, ta tsinka waya, ta sassauta hasumiya. A Garwa, inda Turai ke arewa hadari kuma ke zuwa daga gabas, eriya takan karɓi iska mafi ƙarfi a kwiɓi. Maganin bai wuce darma kilo ɗaya da rabi, ko guntun bututu, ko falle da bai kai faifai biyu ba, muddin an yi aikin kafin bazara.

Tambayoyi

1. A bayyana bambancin turi da murɗa, tare da misali daga rayuwar yau da kullum wanda ba a kawo a takardar ba.

2. Me ya sa eriyar da ta kalli Turai daga Garwa take karɓar iskar hadari a kwiɓi?

3. Idan iska mai gudun kilomita 50 a awa tana turin kilo 12, nawa ne turin mai gudun kilomita 100, kuma me ya sa?

4. A kawo hanyoyi uku na daidaita ƙashin baya, da aibin guda daga cikinsu.

5. A yi jimloli uku da kowane ɗaya daga waɗannan: juya, karkata, zame.